Idan Ɓera Ya Bar Gungu, Me Ƙadangare Zai Ci?

Ruwan farko na wata damina ya same ni a Argungu, a gidan kawuna. Ya sauko da azahar, ya ɗauke kafin la'asar, rana ta sake leƙowa, sai ƙasa ta fara aman shinge. Duk wanda ya tashi a ƙasar Kabi ya san irin wannan yammaci: fararen fukafukai na tashi daga gindin suri kamar hayaƙin ɗanyen itace, yara na bin su da kwanon ruwa, kaji sun ƙi shiga akurki. A jikin tsohuwar rufewar shinkafa da ke bayan gida, wani jan gwada ya kafa sansani. Sai ya sauko a guje, ya cafke shinge guda, ya koma kan katanga, ya gyaɗa jan kansa sau uku kamar mai godiya, sannan ya sake saukowa. Haka ya yi ta yi har duhu ya kora shi cikin tsagar bango.

Da na fito bayan sallar asuba, ban tarar da komai a gindin rufewar ba sai fukafukai birjik, da wasu 'yan baƙaƙen ƙwayoyi masu kama da tsabar shinkafar da ta ƙone. Kawu ya gan ni a tsugune.

"Kai ɗan ga, mi kaka biɗa nan ƙasa?"

"Kawu, ragowar shingen jiya nake dubawa."

"Kusu ya kwana kansu. Ai shi da ƙadangare akushinsu guda, wanga da rana, wancan da dare."

Kusu dai shi ne ɓera a bakin mutanen Sakkwato da Kabi. Kawu ya faɗi maganarsa ya saɓa fartanya ya wuce, bai san ya taɓo tambayar da masana halittu suka shafe kusan shekara arba'in suna bin diddiginta a tsibiran manyan tekuna ba. Idan aka ɗauke mai cin dare, me zai sami mai cin rana? Ƙiba kawai zai ƙara, ko tuwon da ke cikin akushin ma zai sauya?

Gungu da tsibiri

Mutanen wannan yanki sun san tsibiri tun kafin su gan shi a taswira. A bakinmu gungu na nufin taron jama'a, kuma masu tarihin baka suna cewa daga kiran a zo a yi gungu aka samo sunan Argungu. Gungu kuma shi ne tudun da ruwa ya kewaye, shi ya sa ake kiran mazauna tsibiran kogin Kwara na ƙasar Yawuri Gungawa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye da yawa daga cikin waɗancan gungaye, aka tashi mutanensu, sai manyan tuddai irin na Foge suka rage a sama. A 2008 aka sa Foge cikin jerin dausayoyin da duniya ta amince a kiyaye. A kwarin Rima kuwa, duk shekarar da gulbi ya cika ya batse, fadamar da ta miƙe daga Augie zuwa Argungu har Birnin Kebbi sai ta koma teku, kowane ɗan tudu ya zama gungu. Masunta da ke ratsawa da kwalekwale sun san abin da ake tararwa a kan irin wannan tudu: ɓera, maciji, damo da tururuwa, kowa ya hauro gudun ruwa, kowa na kallon kowa.

Gungun fadama kwanakinsa ƙididdigaggu ne, ruwa na janyewa kowa ya kama gabansa. Tsibirin teku kuwa yakan yi dubban shekaru a yanke. Dabbar tudu mai shayarwa ba ta iya iyon da zai kai ta can. Masu isa su ne tsuntsu da jemage, sai ƙadangaren da kututturen itace ya ɗauko bisa ruwa. Da ya tarar da fili babu mai shi, ƙadangare kan buɗe ciki ya ci abin da danginsa na babban tudu ba su cika damuwa da shi ba. Ya sha ruwan zaƙin fure, ya ci 'ya'yan itace, ya yi kiwo a fili ba ya waiwaye.

Jiragen ruwa ne suka kawo ƙarshen wannan zaman lafiya. Ɓera ya sauko ta igiyar jirgi daga ɗakin ajiyar hatsi. Matuƙa suka riƙa sakin awaki da aladu da zomaye a tsibirai don su tarar da nama idan sun sake biyowa. Da ɓera ya yi yawa aka kawo kyanwa, ita kuma ta ga tsuntsu da ƙadangare sun fi sauƙin kamu. Sai a ƙarni na ashirin yunƙurin gyara ɓarnar ya kankama. Wani lissafi da masana suka fitar a 2022 ya nuna an yi yunƙuri 1,550 na kawar da irin waɗannan baƙin dabbobi a tsibirai 998, kuma 88 cikin kowane 100 sun yi nasara.

Yadda baƙo ke cinye tuwon mai gida

Ta hanya uku baƙo ke shiga akushin ƙadangare. Ta farko ita ce wadda kawu ya faɗa. Ɓera ba ya zaɓen abinci, amma ya fi son mai maiƙo kuma mai nauyin gudu: gyare, manyan buzuzu, gizo-gizo, dodon koɗi, tsutsa, da 'ya'yan itacen da suka faɗo. Shekara ɗari na irin wannan kiwon dare ta isa ta share manyan ƙwari daga tsibiri ƙaƙaf. Abin da zai rage wa ƙadangare shi ne kiyashi da ƙananan tururuwa, ɓawo mai yawa, nama kaɗan. Zai yini yana tsince-tsince cikinsa bai cika ba.

Ta biyu ita ce tsoro. Ɓera na tone ƙwan ƙadangare, yana cin 'ya'yansa, yana kuma iya kashe babba idan sanyin dare ya sandarar da shi. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka laɓe a tsagar dutse inda ɓera ba ya iya kutsawa. Wanda tsoro ya hana shi zuwa kasuwa kuwa, abin da aka kawo talla ƙofar gidansa shi zai ci.

Ta uku ta fi tafiyar hawainiya, kuma ta fi ɓarna. Akuya da zomo ba su da ruwa da ƙwaro, amma suna cinye tsiro tun yana jariri. Idan babu ganye babu dandazon busasshen ganye a ƙasa, babu laima, babu ƙwarin da ke rayuwa a ciki, ruwan sama kuma ya wanke ƙasar ya zuba teku. Ɓera shi ma yana da hannu a nan, domin yana cinye ƙwan tsuntsayen teku, alhali su ne masu kai wa tsibiri taki. Sukan ci kifi a teku su zo su yi kashi a tudu, kashin ya ciyar da tsiro, tsiro ya ciyar da ƙwaro, ƙwaro ya ciyar da ƙadangare. A tsibiran Chagos na tekun Indiya, wani bincike na 2018 ya gano cewa cunkoson tsuntsayen teku a tsibiran da babu ɓera ya ninka na masu ɓera sau 760. Manomin da ya ga gonar da Fulani suka kwana da shanu a kanta, ya kuma ga wadda ba a kai wa ko kwandon taki ba, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

To ta yaya ake sanin abin da ƙadangare ya ci? Hanya mafi sauƙi ita ce kashinsa. A jiƙa shi, a baje ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai a ga kan tururuwa, fiffiken buzuzu, ƙwayar iri. Akwai masu ɗura masa ruwa ya amayo abin da ya haɗiya, sannan su sake shi. Yanzu kuma ana karanta ƙwayoyin halittar da suka rage a cikin kashin, a gane har abinci mai laushi da ba ya barin ɓawo. Hanyar da ta fi nisan gani ita ce ta ɗan guntun bakin wutsiya, wanda dama yakan sake tofowa. Sinadarin naitirojin na da wani nau'i mai ɗan nauyi da ke taruwa a jikin kifi da tsuntsun da ya ci shi, ya bi taki ya shiga tsiro da ƙwaro. Ƙadangaren da abincinsa ya samo asali daga takin tsuntsun teku yana ɗauke da wannan alama a namansa. Marini ko bai faɗi sana'arsa ba, hannunsa zai tona shi.

Redonda: dutsen da ya sake yin kore

A tekun Karibiyan akwai wani curin dutse mai suna Redonda, mallakar ƙasar Antigwa da Barbuda. Tsawonsa bai wuce mil guda ba. Tun daga shekarun 1860 har zuwa farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya ana haƙar takin tsuntsu a can ana lodawa a jirage. Da mahaƙa suka watse, suka bar baƙin ɓera da awaki. Awakin suka cinye tsibirin har su kansu suka koma mutuwa da yunwa, matuƙan da ke wucewa suna hango shi fari fat kamar tsohuwar maƙera.

A wannan kufai wani baƙin ƙadangare mai sheƙi yake zaune, wanda babu irinsa a ko'ina a duniya. Tsakanin 2016 da 2017 aka kama awakin da suka rage, kimanin 60, aka kwashe su zuwa Antigwa da jirgi mai saukar ungulu, aka kuma kashe ɓeraye kusan 6,000. A 2018 aka tabbatar babu sauran ko ɗaya. Cikin 'yan shekaru ire-iren tsirran da aka ƙidaya suka tashi daga 17 zuwa 88, tsuntsaye suka dawo sheƙa, yawan baƙin ƙadangaren ya ninka sau 13. A 2023 gwamnati ta ayyana tsibirin da ruwan da ke kewaye da shi wurin da doka ta kare.

Abin lura shi ne babu wanda ya kai wa ƙadangaren Redonda ko ƙwaro ɗaya. Bai kuma koyi wata sabuwar dabarar farauta ba. An ɗauke masu cinye tsiro da masu cinye ƙwai, ƙasa ta shiga yi masa girki da kanta.

Korapuki: zumar da aka manta da ita

Labarin da ya fi nuna yadda abincin kansa ke sauyawa daga Niyuzilan ya fito. Ɓeran tekun Fasifik, wanda Maori, 'yan asalin ƙasar, ke kira kiore, ya isa ƙasar tare da mutanen farko wajen ƙarni na 13. A ɗan tsibirin Korapuki, mai faɗin hekta 18, an kawar da kiore a 1986, zomaye kuma a 1987. Masanin dabbobi David Towns ya shafe shekaru yana komawa can yana ƙidaya.

Abu na farko da ya gani ya shafi kulɓar bakin teku. A zamanin ɓera, an fi samun ta a gaɓar da duwatsunta ƙanana ne, inda ramukan suka yi wa ɓera ƙunci. Gaɓa mai manyan duwatsu, wadda ɓera ke iya ratsa tsakaninsu, kusan fayau take. Da ɓera ya tafi, kulɓa ta bazu ta cika can ɗin ma. A wani tsibiri na kusa, an ga babbar tsakar ƙasar ta baro tsagogin duwatsun bakin ruwa ta koma hawa itatuwan kurmi cikin 'yan watanni da tafiyar ɓera. Wanda ya sauya unguwa kuwa ya sauya cefane.

Abu na biyu babu wanda ya yi tsammaninsa. Da zomaye suka ƙare, wasu itatuwan asali da suka daɗe ba sa samun tofowa suka dawo. A jikin ɓawonsu akwai wani ɗan ƙwaro mai manne wa itace, yana tsotsar ruwansa yana fitar da ɗigon zaƙi, irin darɓar da manoman dawa suka sani. Ƙwaron ya yaɗu tare da itatuwan, sai ga tsaka na taruwa da dare a kan rassa suna lasar wannan zuma. Zomo bai taɓa cin tsaka ba, bai taɓa lasar darɓa ba, amma shi ne ya raba su shekara da shekaru, saboda shi ke cinye itacen da ƙwaron ke zama a kai.

Sai dai ba komai ne ya dawo da kansa ba. Manyan ƙwari marasa fiffike, waɗanda ɓera ya ƙarar, ba su da hanyar tsallako teku. Sai da aka ɗebo wasunsu da hannu daga tsibiran maƙwabta aka sake zubawa. Korar ɓarawo ba ta dawo da kayan da ya riga ya sayar.

Ƙadangare manomi

A arewacin ƙasar Morishiyos akwai tsibirin da Turawa suka raɗa wa suna Round, wato kewayayye. Sa'arsa ita ce ɓera bai taɓa taka shi ba, shi ya sa wata babbar kulɓa mai suna Telfair ta tsira a can bayan ta ɓace a sauran wurare. Rashin sa'arsa kuwa awaki da zomaye ne da aka saka a ƙarni na 19, suka mayar da kurmin giginyoyinsa tsandauri. Wani macijin ƙarƙashin ƙasa da babu shi sai can, rabon da a gan shi tun 1975. An gama da awaki a 1979, zomaye a 1986.

Kulɓar Telfair ba ta raina abinci. Tana cin ƙwari, tana cin ƙananan 'yan uwanta, tana cin mushe, kuma tana matuƙar son 'ya'yan itace. Da itatuwa suka farfaɗo, 'ya'yansu suka dawo cikin abincinta, ita kuma ta riƙa yawo da ƙwayar iri a ciki tana kasayar da ita nesa da uwar. A nan lissafi ya juya: abin da ƙadangare ya ci yau shi zai nuna inda kurmi zai tsiro gobe.

Akwai makamancin labarin awakin nan a Galafagos ta ƙasar Ekwado. Lokacin da Charles Darwin ya sauka tsibirin Santiago a 1835, ramukan wata ƙatuwar dangin damo mai cin ganye sun cika ƙasa har kafa tanti ya yi masa wuya. Aladu da awaki suka zo, ta ɓace ɗungurungum. An kawar da aladun, aka kashe awaki kimanin 79,000, har da dabarar ɗaura wa akuya guda na'urar bin sawu a wuya a sake ta, ta je ta nemo garke ta tona asirinsa. A Janairun 2019 aka dawo da irin wannan damo guda 1,436 daga wani tsibiri na kusa, bayan 'yan shekaru aka ga ƙanana, alamar sun hayayyafa.

Ƙadangaren bakin tulu

Hausawa na cewa ƙadangaren bakin tulu, a kashe ka a fasa tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. A wannan aiki ɓera ne ke zaune a bakin tulun, kuma an sha fasa tulu garin jifarsa.

A Disambar 2012 aka watsa gubar ɓera daga sama a tsibirin Pinzon na Galafagos. Gubar irin mai tsinka jini ce, wadda ake kira burodifakum. Masu aikin sun san shahon tsibirin zai iya cin mataccen ɓera, don haka suka kama shahunan suka tsare a keji har ɓerayen suka ƙare, sannan suka sake su. Duk da haka 22 suka mutu. Da aka bincika, sai aka tarar ƙananan ƙadangarun duwatsun wurin sun ci ƙwayar gubar. Ba ta kashe su ba, ta dai zauna a hantarsu, har bayan fiye da shekara biyu ana samun burbushinta. Shaho ya ci ƙadangare ya ci ajalinsa. Aikin ya yi nasara ta wani ɓangaren, domin an ga jariran manyan kunkuru suna tsira a tsibirin karon farko cikin sama da shekara 100. Amma darasin ya zauna: ranar da aka zuba guba, guba ta shiga jerin abincin ƙadangare.

Akwai kuma batun wa za a fara kora. A tsibirin Hauturu na Niyuzilan an gama da kyanwowi a 1980, da niyyar ceton wani tsuntsun teku mai sheƙa a rami. Maimakon sauƙi sai ƙyanƙyasarsa ta ƙara lalacewa, saboda kiore ya samu sake, babu mai taka masa birki. Sai da aka kawar da kioren a 2004 sannan tsuntsun ya farfaɗo. Duk wanda zai taɓa akushin da baki da yawa ke ci, ya fara sanin wa ke hana wa.

Mu dawo kwarin Rima

Kebbi ba tsibiri ba ce. Ko an share ɓerayen unguwa guda a Birnin Kebbi, na maƙwabta za su cike gurbin kafin wata ya mutu. Yawancin ɓerayen fadama da gafiya ma 'yan ƙasa ne, tare da ƙadangare suka tashi, sun san juna. Amma muna da baƙi. Baƙin ɓeran jirgin ruwa, wanda ya cinye Redonda, da ɗan ƙaramin ɓeran ɗaki na Turai da Asiya, dukansu sun shigo Afirka ta Yamma ta tashoshin teku suna bin hanyar fatauci. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan unguwannin Yamai ya tarar da su sun kafu a kasuwanni da manyan wuraren ajiya da na sana'a, inda motocin kaya ke sauke lodi, yayin da ɓeran gida na asali ya fi rinjaye a sauran unguwanni. Tsakanin Yamai da mu kogi ɗaya ne da hanyar Kamba.

A gefe guda kuma akushin ya ƙara girma. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi ranar 17 ga Nuwamba, 2015, noman rani ya bunƙasa, injinan casa manya da ƙanana suka yawaita, shinkafa ta koma kwana a sito shekara zagaye. Inda hatsi ya taru ɓera zai zo. Babu mai hankalin da zai ce a ƙyale shi, domin bayan ɓarnar buhu akwai zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, kuma ɓeran gida ne ke ɗauke da shi. Maganar ita ce ta yaya za a yaƙe shi.

Abin da aka saba shi ne a sayo maganin ɓera a kasuwa, a cuɗa da ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi, a ajiye a gindin rumbu a buɗe. Ɓera zai ci nasa da dare. Ragowar da gari ya waye a kanta fa? Tururuwa za ta ja, kaza za ta tsattsaga, jan gwada zai sauko ya ɗauka, ko ya ci tururuwar da ta ja. A sama kuma akwai shirwa da shaho, da dare akwai mujiya, wadda ita ce babbar mai cin ɓera kyauta. Abin da ya faru a Pinzon bai bukaci teku ba, tsakar gida ma ta ishe shi. Haka feshin maganin ƙwari a fadama, da wanda jirgi ke yi wa tsuntsayen jan baki idan sun sauka kan shinkafa. Kowannensu yana da dalilinsa, kowannensu kuma yana bi ta cikin cikin wani da ba shi aka nufa ba. Ƙadangare, kulɓa da tsaka su ne leburorin da ke rage mana gara, fara, kyankyaso da sauro ba tare da an biya su ko sisi ba.

Darasin tsibirai da ya fi dacewa da mu shi ne na katanga. An yi nasara a can ne saboda ruwa ya hana ɓera dawowa. Kakanninmu sun gane haka, shi ya sa suke ɗora rumbu a kan duwatsu, su shafe rufewa sumul, su liƙe bakinta. Rumbu gungu ne da aka gina da hannu. Siton zamani ma zai iya zama haka: a toshe ramuka da siminti, a sa ƙarfe a ƙasan ƙofa, a ɗaga buhuna bisa katako nesa da bango, a share zubabben hatsi kullum. Sai bango ya tsage ake samun mai shiga, kuma ba ƙadangare kaɗai ke shiga ba. Idan za a kafa tarko, a yi shi gayya, unguwa gaba ɗaya a mako guda, yadda ɓera ba zai samu gidan gudun hijira ba. Idan guba ta zama dole, a sa ta cikin bututu ko rufaffen gwangwani mai ƙaramar ƙofa, a ajiye da magariba a ɗauke da asuba, mataccen ɓera kuma a binne shi. Masu kwalekwalen da ke kai kaya tsibiran Kainji su ma su riƙa duba abin da ke ƙarƙashin buhuna, domin ɓera mai ciki guda ɗaya ta isa ta kafa gari.

Barin wuri ya huta kuwa ba sai an koya wa Kabawa ba. Kogin Matan Fada a rufe yake ga masu su, Sarkin Ruwa na tsaronsa, sai ranar da aka buɗe shi. Wannan haƙuri ne ke sa a fito da giwan ruwan da ƙato ɗaya ba ya iya ɗagawa, a bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016. Abin da aka yi wa Redonda da jirgi mai saukar ungulu, shi Argungu ke yi wa kifinta da doka ta baka.

Akwai kuma aikin da ke jiran ɗaliban kimiyyar halittu na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ta jiha da ke Aliero, wanda ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A zaɓi sito goma da ake sa guba, goma da ake kafa tarko, a kwatanta abin da ƙadangarun jikin katangarsu ke ci da rani da damina. A je tuddan fadama kafin ambaliya da bayanta a yi haka. Kayan aikin su ne kwalba, madubin ƙara girma da juriyar zama a rana.

Mai karatu ma zai iya fara nasa binciken gobe da safe. A kan kowace katanga da jan gwada ke shan hantsi akwai ɗan baƙin kashi mai farin kai. Na ɗauki ɗaya a kan katangar kawu a waccan safiya, na murƙushe shi da tsinke a kan ɓallin tukunya. Kawunan tururuwa ne a ciki rututu, da ƙafar fara guda, da wani ɗan koren fiffike da ya ɗauki hasken rana. Kawu ya dawo daga gona ya tarar da ni ina ta juya shi, ya girgiza kai ya ce boko ya gama da ni. A saman katangar kuwa mai kashin yana nan, yana gyaɗa kai, yana jiran abin da dare ya rage masa.